Ranar da Na Share Rumbun Yaya Lawal

Kun taso kun tarar ana cewa ruwan rafi ne ya cinye aikin baffanku Lawal. Haka mahaifiyarku ta sani har ta koma ga Allah, haka mutanen Gidan Ƙirya suke faɗa a duk inda suka watsu, ku ma na sha jin kuna maimaitawa idan hira ta biyo ta kan shekarun da aka kore mu daga gonakinmu. To ƙarya ce. Ni na ƙaga ta da bakina, a cikin shagona na Safana, wata Talata bayan azahar, na kuma bar 'yar'uwarku Rabi ta ɗauki laifin a kanta shekara da shekaru ina kallo. Yanzu idanuna sun fara gajiya, shi ya sa nake so in rubuta wannan tun ina iya ganin abin da nake rubutawa. Wanda zai ji haushina a cikinku ya ji, ba zai kai wanda nake ji da kaina ba.

Mu biyu Inna ta haifa maza, Yaya Lawal da ni, a Gidan Ƙirya, wani ɗan ƙauye da ke bayan Ruma a bakin daji. Shi ya zama malamin firamare ya ƙi barin gida. Ni kuwa tun ina saurayi na ga ƙauye ya yi mini kaɗan, na taho Safana na zama mai buga takardu a ofis, tun ana yi da tafireta har aka kawo kwamfuta. Da na yi ritaya na buɗe shago kusa da tasha, ina buga takardu, ina tura wa mutane karatu da wa'azi a waya, ina gyara kwamfutocin ma'aikata idan sun rikice. Sale Kwamfuta ake ce mini, kuma sunan ya hau mini kai fiye da yadda ya kamata. A duk Safana ba wanda ya taɓa jin na ce ban sani ba. Abubuwan da ban sani ba suna da yawa, bakina ne dai bai iya furta kalmar ba.

Laftof ɗin Yaya ta hannu ce, tsohuwa, ga nauyin tsiya. Wani abokin aikinsa da ya yi karatu a birni ya ɗora masa wata manhaja da ake rabawa kyauta, ba irin wadda muke aiki da ita a ofis ba, ya koya masa ita sannu a hankali. Abin da Yaya ya yi da na'urar nan ban ɗauke shi a bakin komai ba sai da ya wuce. Duk Asabar yakan ɗaure ta a bayan babur ya bi ƙauyuka, ya zauna gaban tsofaffi ya ɗauki muryarsu. Kun san mutanenmu Maguzawa ne kafin Allah ya kawo mu Musulunci, kuma da muka shigo sai muka riƙa jin kunyar duk abin da ya gabata, har wanda ba laifi a cikinsa. Waƙoƙin gayya, kirarin maharba, sunayen gonaki da wanda ya fara sare kowace, wane ya haifi wane, abin da ya sa gidan su wane ba sa cin naman damo, duk a kan harshen tsofaffi suke, tsofaffin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Shekara tara Yaya yana wannan yawo. Wasu suka ce tsafi yake son dawowa da shi, ya ce shi dai yana so jikokinsa su san ba daga sama suka faɗo ba. Ya ɗauki Inna tana waƙar niƙa wata biyu kafin rasuwarta, bayan ta yi shekaru tana ƙi. Idan ana taron salla yakan kunna wa mutane, ka ga tsoho ya ji muryar kansa yana rufe baki don kunya, 'yan matan gida suna ta ƙyalƙyala dariya. Ni a lokacin ina gefe ina duba agogo, ina tunanin motar komawa Safana.

Dole in yi muku bayanin wani abu na sana'ata, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na yi ba. A cikin kowace kwamfuta akwai faifan da take ajiye komai a kai. Idan babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta lalace sai a ɗora sabuwa, kuma ana cikin ɗorawa takan tsaya ta tambaye ka yadda za a yi da faifan. Zaɓi biyu take bayarwa. Na sama, ka bar mata ta raba faifan da kanta: ta share duk abin da ta tarar, ta shimfiɗa nata tsarin, kai dai ka naɗe hannu ka jira. Na ƙasa, kai za ka raba da hannunka, ka nuna mata nan za ki zauna, can kuma kada ki taɓa. Na sama minti ɗaya ne. Na ƙasa yana son natsuwa da sanin abin da kake kallo. Ni a shago na sama nake dannawa, don ma'aikacin da ya kawo kwamfutarsa da safe yana son ta kafin a tashi daga ofis, kuma galibi ba abin da ke ciki sai finafinai da takardun da aka riga aka buga.

Yaya kuwa gida biyu ya yi wa faifansa, yana kiran ɗaya ɗaki, ɗaya rumbu. Manhaja tana ɗaki, muryoyin tsofaffi suna rumbu. Wata salla da na je gida na same shi a gindin ƙiryar da ke ƙofar gidanmu yana sake ɗora manhajar, ya sa tabarau yana bin layi-layi da yatsa, babbar 'yarsa Rabi tana riƙe masa da takardar da ya rubuta matakan a kai. Na yi masa dariya.

"Yaya, aikin minti ɗaya ka mayar na wuni? Danna na sama kawai ta yi da kanta."

"Ita ba ta san Inna ba," ya ce, bai ko ɗago kai ba. "In ɗaki ya yi yoyo ai jinka ake sakewa. Wa ka taɓa gani ya rushe rumbunsa don ɗaki na yoyo?"

"Malaman ƙauye ke nan. Komai sai kun wahalar da kanku."

"Kai dai in ta zo hannunka wata rana, ka bi ta ƙasa."

Na ce Allah ya kiyaye in taɓa wannan tsohuwar tasa, muka yi dariya, aka kawo fura.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda abin ya fi tsanani. Ba zan tsaya lissafa muku ƙauyukan da aka tasa ba, wasu kun ga kufansu da idonku. Yaya an tare shi ne a hanyar dawowa daga makaranta, da rana tsaka, saboda babur ɗinsa. 'Yan bindigar daji ne, sun ɗauki babur ɗin, shi ma ba su bar shi da rai ba. Ban samu jana'iza ba, don ranar ba mai mota ko mai babur da ya yarda ya bi hanyar Ruma. Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki aka aiko wa Gidan Ƙirya cewa su tashi. Suka tashi cikin ruwan sama, gero ya fara fitar da kai, kowa da abin da ya iya ɗauka, wani tabarma, wani akuya. Rabi, ga goyo a baya, ba ta ɗauki ko zane na biyu ba. Laftof ɗin ubanta ta ɗora a ka cikin fanteka, ta ratsa rafi da ita ruwa har ƙugu. Suka kai Batsari a ƙasa, daga nan a-kori-kura ta kawo wasunsu Safana. Gidana ya cika har zaure.

A lokacin an yanke layin waya a yankinmu baki ɗaya, an hana sayar da fetur a jarka, kasuwanni a rufe, wai don a matse 'yan daji. Mu dai mun matsu. Wutar lantarki kuwa mun manta yadda take, janareton shagona ya yi mako uku bai tashi ba. Mahaifiyarku tana dama kunu a tukunyar da muke dafa abincin suna, tana ƙara ruwa tana cewa albarka ce. Mazan suna zaune a ƙofar gida daga safe zuwa yamma, manoman da ba su taɓa zaman banza da damina ba, in hadari ya haɗo sai ka ga duk sun juya suna kallon yamma, wajen gonakinsu.

A cikin baƙin nawa akwai Gwaggo Tambai, matar marigayi Nomau, sarkin noman ƙauyenmu, wanda Yaya ya yi wuni uku yana ɗaukar muryarsa. 'Ya'yanta biyu aka kashe a shekarar nan. Kullum da safe sai ta dogara sandarta ta tare ni kafin in fita.

"Sale, sunka ce Nomau na cikin akwatin nan na Lawal. Ka buɗe min shi in ji. Ban roƙe ka hatsi ba, wanga kaɗai nika so."

Matsalar ita ce laftof ɗin ba ta tashi. In an kunna sai baƙin allo da 'yan rubuce-rubuce farare, ta tsaya nan. Rabi ta yi mini bayani.

"Baffa, tun Baba na da rai ta fara haka. Ya ce ɗakin ne ya lalace, rumbu lafiyarsa lau. Ga ma filashin da yake gyarawa da shi a cikin jakar. Sukuni ne bai samu ba."

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. In ce wannan manhajar ban san ta ba, a ajiye, in hanya ta yi kyau a kai Katsina wurin waɗanda suka sani. Ba abin da zai ruɓe. Muryoyin da suka yi shekara tara a ajiye za su iya ƙara wata biyu. Amma ga mutanen ƙauyenmu cike da gidana suna yi mini kallon ɗan da ya je birni ya yi ilimi, kuma ba abin da na iya yi musu. Ban dawo musu da gona ba, ban dawo musu da shanu ba, ko takardar koke da na buga musu ba ta wuce teburin farko ba. Wannan ɗaya ne kowa ya yarda aikina ne. Sai na zuƙe fetur ɗin da ya rage a tankin babur ɗina, bai cika kwalba biyu ba, na ce kowa ya zo shago bayan azahar zai ji nasa.

Suka zo kuwa. Benci biyu suka cika, wasu a ƙasa, Gwaggo Tambai a bakin ƙofa ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, wanda ta tsira da shi. Batirin laftof ɗin ya mutu tuntuni, in janareto ya tsaya ita ma ta tsaya. Na tayar da shi, na soka filashi, abu ya fara tafiya daidai, har muka iso wurin tambayar nan. Rabi tana tsaye a bayana.

"Baffa, na ƙasa. Baba ya ce kullum na ƙasa."

"Ke za ki koya mini aikina? Tun kina goye nake taɓa kwamfuta."

Na danna na ƙasan, abin da ya fito ya sa gumi ya karyo mini. Na zaci zan ga an rubuta ɗaki da rumbu, ko wani abu makamancin haka. Layi huɗu na gani maimakon biyu, kowane da haruffa da lambobin da ban taɓa cin karo da su ba, da wasu 'yan gurabe da ake so in cike. Wanne ne ɗakin? Wanne ne rumbun? Sauran biyun fa na mene ne? Da na natsu na duba girman kowane da na gane, don rumbun shi ne babba, ba sai an yi dogon karatu ba. Da ma na juya na tambayi Rabi, mai yiwuwa takardar ubanta tana cikin jakar nan. Amma janareto ya fara tari, mutane sun zuba mini ido, wani dattijo ya leƙo ya ce, "Yaya dai, Malam Sale, ta ƙi ne?" Na ce ina, wannan ai ƙaramin abu ne. Daidai nan jaririn Rabi ya tsala kuka, ta kwance shi ta zaga bayan shago don ta ba shi nono.

Na koma baya na danna na sama.

Kada wani a cikinku ya nema mini uzuri ya ce ban sani ba. Na gaya wa kaina cewa na'ura tana da wayo, za ta ga kayan mutane ta kauce musu, amma ko a lokacin ban yarda da kaina ba. Ta ma yi mini gargaɗi. Rubutu ya fito ɓaro-ɓaro cewa duk abin da ke kan faifan zai tafi, in na amince in danna. Da Turanci ne, kuma na yi shekara talatin ina buga Turanci. Na karanta, na ji janareto ya sake tari, na hango kaina ina juyawa in ce wa Gwaggo Tambai ban iya ba, sai yatsana ya sauka. Shawarar da na yi a kan aikin shekara tara ba ta wuce ƙiftawar ido ba.

Kafin fetur ya ƙare ta gama. Allo ya haska tas, sabo fil, mutane suka yi hamdala suna gyara zama. Na shiga nema. Na buɗe nan, wayam. Na buɗe can, wayam. Faifan gaba ɗaya ya zama fili guda, ba ɗaki ba rumbu. Rabi ta dawo tana gyara goyo, ta leƙa allon, ta dube ni.

"Baffa, ta ƙasan ka bi?"

"Ta ƙasa na bi."

"To ina suke?"

"Ruwa ya shiga," na ce. Ban san daga ina maganar ta zo ba, ta dai fito sumul kamar na daɗe ina shirya ta. "Rumbun ya jiƙe. Wurin ƙetare rafin nan ne. Ba yadda ban yi ba."

Janareto ya yi tarinsa na ƙarshe ya mutu, allon ya yi baƙi. Gwaggo Tambai ce ta fara magana, kuma ba ni ta kalla ba.

"Ke ɗiyar nan, mi ya kai ki shiga ruwa da shi? Da kin bar shi ɗaki, ko ɓarayi sunka ɗauka mun san yana wani wuri. Kin kashe muna su sau biyu."

Rabi ta durƙusa da goyonta ta ce a yi haƙuri. Ni ina zaune a kujerata ina naɗe wayar caji.

Mutanen da aka raba da komai suna neman wanda za su sauke wa haushi. 'Yan daji sun yi nisa, masu mulki sun fi su nisa, Rabi ce a kusa. Ba wanda ya ƙara faɗa mata magana a fili, amma in ta shigo tsakar gida hira takan mutu, in ta miƙa hannu a kwano wata ta janye nata. Mahaifiyarku, Allah ya ji ƙanta, ita ce mai lallashinta, tana cewa ƙaddara ce, ke ma don alheri kika yi. Duk kalmar lallashin nan a kunnena take sauka, in tashi in fita. Wata rana ta tare ni ina alwala.

"Malam, yarinyar nan ba ta cin abinci. Ba wata dabara? Ko a shanya abin a rana?"

"Kwamfuta ce, ba barkono ba," na ce mata da tsawa, ta ba ni haƙuri ta wuce.

Kafin kaka Rabi ta bi mijinta Batsari, suka raɓa a wani kangon gini. Na ce ta tafi da laftof ɗin, ta ce in riƙe, ni za ta yi wa amfani. Na riƙe kuwa, kuma a nan na yi ɓarna ta biyu, wadda ta fi ta farko. Kwamfutar shagona ta tsufa, wannan kuma ga ta fes. Aka zo ana rubuta sunayen 'yan gudun hijira don rabon tallafi, ni ake kawo wa bugawa. Na zuba mata sunaye, na zuba hotunan fasfo, na zuba wa'azi da finafinan da nake tura wa mutane a waya, har ta kusa cika. Wata takwas ina haka. Gwaggo Tambai ta rasu a cikin watannin nan, a ɗakin mahaifiyarku. Sunanta ma a kan wannan laftof ɗin na buga shi, cikin jerin masu jiran buhun masarar da bai iso ba sai bayan an binne ta.

Da hanya ta ɗan lafa na je Katsina sayen tawadar firinta. Akwai wani mai gyara a layin masu kwamfuta, mai furfura kamar ni, marar yawan magana. Na tambaye shi kamar labarin wani nake bayarwa, wai wani abokina ne ya danna na sama bisa kuskure.

"In ya kashe ta nan take bai ƙara zuba komai ba, ya kawo," ya ce. "Sharewar nan ba ta kwashe kaya, alamar wurin kawai take gogewa. Kayan na nan kwance sai an zuba wani a kansu. Mafi yawa muna cirowa. Yaushe abin ya faru?"

"Wata takwas ke nan."

"Yana aiki da ita?"

"Kullum."

Ya dube ni ta saman tabarau, na san ya gane ko wane ne abokin.

"To, Malam, abokinka da hannunsa ya binne su."

Ashe ranar Talatar nan, lokacin da Gwaggo Tambai take faɗa wa Rabi magana, Nomau yana nan, Inna tana nan, duk suna nan a cikin akwatin da ke gabana. Da na buɗe baki na ce ni ne, na yi kuskure, a rufe ta kada kowa ya taɓa, da na sha kunyar wuni ɗaya an wuce wurin. Ƙaryar ce ta sa na ci gaba da aiki da ita kamar ba abin da ya faru, don wanda ya ce ruwa ya cinye ba shi da dalilin ajiyewa. Duk sunan da na buga, duk fim ɗin da na zuba, a kan bakin wani tsoho ya sauka.

Mako na gaba na kai masa ita. Kwana uku tana hannunsa. Abin da ya ciro tarkace ne, rabin hotuna, ƙara marar ma'ana, sai guntun murya guda ɗaya da bai kai numfashi uku ba. Ya tura mini shi a waya. Na saurara sau ɗaya a cikin mota, na kashe, ban ƙara ba. Kuma ban kai wa Rabi ba. Ta yaya zan kai? In na nuna mata, dole ta tambayi yadda abin da ruwa ya cinye ya dawo. Na sauya waya sau uku tun daga lokacin, kowane karo guntun nan nake fara kwashewa in ɓoye inda ba mai gani. Ita kuwa duk salla sai ta zo gaishe ni da ƙullin gyaɗa, ta durƙusa har ƙasa. Da ta haifi ɗanta na biyu ta ce Lawal za a sa masa, kuma ni zan yi masa huɗuba. Na yi, ko kunyar Allah ban ji ba.

Don haka daga yau duk wanda ya ce ruwa ne a gabanku, ku gyara masa, ku faɗi sunana. Laftof ɗin tana ƙasan akwatina, ba ta cikin abin da za ku gada, ta Rabi ce.

Bara, bayan ciwon nan da kuka ɗauka ba zan tashi ba, na sa aka kai ni Batsari, ban gaya muku dalili ba. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Bayan mun gama gaisawa na ce ta sallami yara. Na faɗa mata tun daga layi huɗun nan har zuwa abin da na danna. Ba ta daina ɓarar gyaɗar ba.

"Na sani, Baffa."

"Kin sani?"

"Leda uku na naɗe ta, na kifa wata fantekar a kai na ɗaure. Da muka iso Batsari na kwance na duba, ko takardar da ke cikin jakar ba ta yi sanyi ba. Kuma na sha riƙe wa Baba takarda yana gyaran nan. In aka bi ta ƙasa ana jimawa. Kai kafin in gama ba yaro nono har ka wuce wurin."

"To me ya hana ki faɗa?"

"In ce ƙanin ubana ya yi ƙarya, a gaban mutanen da ke cin tuwonsa? Kwana hamsin da binne Baba. Kai kaɗai ka rage mini. Na dai yi ta jira ka faɗa da kanka. Duk sallar da na zo, cewa nake yau ne."

Sai na ba ta labarin mai gyaran Katsina, da wata takwas ɗin da na yi ina zuba kaya a kansu. A nan hannunta ya tsaya.

"Wannan ne ban sani ba," ta ce. "Ashe suna ciki lokacin da na ce ka riƙe. Wallahi da na sani, Baffa, da na tona ka a gaban kowa."

Na ce ta yafe mini. Ta ce nata ta yafe, na Gwaggo Tambai da sauran kuwa ba a hannunta yake ba, kuma ba ta san inda zan same su ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Na ciro wayar na miƙa mata, na nuna mata inda za ta danna. Aka ji iska, aka ji carar zakara daga nesa, da ƙarar ɗan dutsen niƙa ana gyara masa zama. Sai muryar Yaya, kusa-kusa, da 'yar dariyar nan tasa a ciki.

"To, Inna, bismilla. Muna jin ki."

Daga nan ya yanke.

Rabi ta riƙe wayar da hannu biyu, ta sake dannawa. Ban ƙirga ko sau nawa ta danna ba. Duk sanda ya ce muna jin ki sai ta karkata kai ta kasa kunne, ni ma haka, mu biyu a kan tabarma muna jiran Inna ta fara.